Makarantar Kwana Biyu Ta Masu Banjo Da Mandolin

A ƙasar Ingila, cikin lardin Somerset, a gindin waɗansu tuddai da a ke kira Quantock, akwai wani tsohon gidan dutse mai suna Halsway Manor. A zamanin da gidan masu ƙasa ne, amma tun shekarar 1965 aka mai da shi masaukin masu koyon kiɗa da rawa da waƙoƙin gargajiya. In mutum ya tsaya a ƙofar gidan nan ran Jumma'a da la'asar, a makon da aka keɓe wa masu kiɗan tsirkiya, zai ga motoci suna ta tsayawa, mutane suna fitowa, kowa da 'yar jakar tufafinsa a hannu guda, da wani dogon akwati mai faɗin gindi a ɗaya hannun. Ba yara ba ne. Ga mai furfura, ga mai sanƙo, ga tsohuwa da tabarau. Wannan akawu ne, wancan direba, waccan kuwa ungozoma ce wadda ta aje aiki. Za su kwana biyu a gidan, su ci abinci teburi guda, su yini suna kaɗa tsirkiya a gaban malami. Ran Lahadi da azahar kowa ya kama hanyar garinsu, ran Litinin ya koma bakin aikinsa.

Ba nan kaɗai a ke yin haka ba. A lardin Oxford akwai wata makarantar kwana ta yara, Kingham Hill, wadda in yara sun tafi hutun Ista sai manya su cika ɗakunansu, su kwanta bisa gadajensu. Taron nan tun 1996 aka fara shi, sunansa kuwa Sore Fingers, watau Yatsu Masu Ciwo, kuma duk wanda ya taɓa yini yana danna tsirkiyar ƙarfe ya san wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. A Amurka abin ya fi haka yawa. A jihar Massachusetts masu banjo suna da nasu taron, masu mandolin suna da nasu dabam, kowanne daga Jumma'a zuwa Lahadi. Wani makaɗi da a ke kira Pete Wernick tun 1980 ya fara tara masu banjo yana koya musu a irin wannan zama.

To, abin nan yana da masu suka, kuma ba za a ce duk marasa hankali ba ne. Su kan ce wane kiɗa ne za a koya cikin kwana biyu. Su kan ce ga wayar hannu cike da malamai kyauta, ina dalilin biyan kuɗin mota da na gado. Waɗansu kuma su ce kiɗa gado ne, wanda bai tashi cikinsa ba, har gemunsa ya yi fari, ya haƙura kawai. Maganganun nan duka suna da daɗin ji, amma in aka taɓa su sai su rushe. Akwai dai wata magana guda wadda masu sukan ba su cika faɗa ba, ita ce kuwa mai gaskiya, za a zo kanta.

Kafin a shiga gardama ya kamata mai karatu ya san kayan kiɗan da a ke magana a kansu. Banjo wani kewayayyen katako ne kamar bakin rariya, an ja fata a kansa tamau kamar ganga, ko da ya ke yanzu roba aka fi sawa maimakon fata. Yana da dogon wuya, da ɗan jaki wanda ya ke tsaye bisa fatar yana ɗauke da tsirkiyoyi. Wanda aka fi koyarwa a tarurrukan nan tsirkiya biyar gare shi, ta biyar ɗin gajeriya ce, ba ta kai ƙarshen wuya ba, babban yatsa ne ya ke taɓa ta. A riƙe maganar gajeriyar tsirkiyar nan, gama za ta sake ɓullowa. Mandolin kuwa ƙarami ne, cikinsa na katako, na asali kamar rabin gwanda. Daga Italiya ya fito, maƙeran birnin Napoli ne suka ba shi siffar da aka san shi da ita tun ƙarni na 18. Tsirkiya takwas gare shi, biyu biyu, a kan ɗaure su daidai da na gogen Turawa, a kaɗa da wani ɗan guntun roba mai kama da farce. Muryarsa ba ta daɗewa, da an taɓa sai ta mutu. Saboda haka in makaɗi yana so ta yi tsawo, sai ya riƙa karkaɗa hannunsa sama da ƙasa da sauri ƙwarai, har kunne ya ji kamar murya guda ce a miƙe.

Tsarin zaman ba shi da wuyar ganewa. Daren Jumma'a a ci abinci, malamai su nuna kansu, a rarraba mutane aji aji: waɗanda ba su taɓa riƙe abin ba, da masu ɗan hannu, da waɗanda suka yi nisa. Ran Asabar tun da safe a shiga aji, a yi kamar awa guda da 'yan mintoci, a fito a sha shayi, a koma. Da dare malamai su yi kiɗa jama'a su saurara. Bayan wannan ne a ke yin abin da ya fi kome amfani, ko da ya ke ba aji ba ne. Mutane su kan zauna da'ira da'ira cikin zaure da ɗakin cin abinci da ƙarƙashin matakala, wani ya ɗauko kiɗa, saura su bi, har dare ya raba. Sababbin hannu a kan ware musu tasu da'irar, inda wani malami zai ja kiɗan sannu sannu, kamar mai tafiya da yaro ɗan tatata.

Yanzu a ɗauki maganar farko, ta cewa ba a koyon kiɗa cikin kwana biyu. Haka ne, ba a koyo. Ba kuwa wani malamin kirki da ya taɓa cewa ana koyo. Mai suka ya kafa wa kansa ɗan tsana ne, sa'an nan ya kā da shi yana murna. Wanda ya kai kekensa wurin mai gyara, ba ya zuwa don a ƙera masa sabo. Yana zuwa ne don a miƙe ƙafar da ta karkace, ya hau ya ci gaba da tafiyar shekara. Haka mai banjo. Akwai wani salon kiɗa na tsofaffin mutanen duwatsun Amurka, wanda a ke lanƙwashe yatsu kamar ƙafar shaho, a bugi tsirkiya ƙasa da bayan farce, sa'an nan babban yatsa ya sauka bisa gajeriyar nan. A baki abin ba wuya. Amma kusan duk wanda ya koya shi kaɗai a ɗaki sai ya riƙa miƙe yatsan yana fizgar tsirkiya, maimakon ya bar hannun duka ya faɗo daga wuyan hannu. Zai shekara biyu yana haka, yana mamakin abin da ya sa nasa kiɗan ba ya tafiya kamar na mutane. Ran Asabar da safe malami ya dube shi, ya kama wuyan hannunsa ya girgiza, ya ce ya saki. Minti biyar. Ciwon shekara biyu ya sami magani kafin a kira shan shayi. Mai mandolin shi ma da nasa ciwon: ya kan danƙe ɗan robar nan kamar wanda za a ƙwace masa, hannu ya sandare, karkarwar da a ke nema ta ƙi fita. Wannan ba abin da za a karanta a littafi ba ne. Sai wani ya gani, ya taɓa.

Nan ne maganar wayar hannu ta ke faɗuwa. Gaskiya ne, duk wanda ya buɗe YouTube zai tarar da malaman banjo da na mandolin fiye da yadda zai iya kallo har ya mutu, waɗansunsu kuwa gwanaye ne na sosai, ba su karɓar ko kwabo. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma malamin da ke cikin waya yana da aibi guda wanda ba shi da magani: almajiri yana ganinsa, shi ba ya ganin almajiri. Kome ɓarnar da hannun ɗalibi ya ke yi, malamin murmushi kawai zai ci gaba da yi. Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san bambancin da ke tsakanin riƙe littafi a gida da zama gaban malamin da zai ce, a'a, wannan baƙin ba haka a ke ja shi ba.

Akwai kuma wata cuta wadda zaman kaɗaici ya ke haifarwa, ta fi sandarewar hannu muni. Mai koyo shi kaɗai, in ya yi kuskure sai ya tsaya, ya koma farko. In ya zo wuri mai sauƙi ya yi gudu, in ya zo mai wuya ya ja ƙafa. Ba wanda zai hana shi, har abin ya zame masa jiki. Yana iya kiɗa ashirin a ɗakinsa, amma ranar da ya fara zama cikin mutane sai ya ga ko guda ba ya iyawa, gama kiɗan taro ba ya jiran kowa. Kamar masu daka ne su uku a turmi guda: wadda ta yi jinkirin ɗaga taɓarya, ko ta yi gaggawa, ita za a ƙwala wa a hannu. In mutum ya ɓata a tsakiyar kiɗa, dole ya kasa kunne, ya gane inda 'yan'uwa suka kai, ya faɗa ciki ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan shi ne rabin sana'ar makaɗi, kuma ba a samunsa sai cikin da'irar nan ta dare. Wanda ya zo taron ya shiga aji duka, amma da an ci abincin dare ya tafi ya kwanta, ya biya kuɗin sa ne ya tafi da fata ya bar nama.

An kuwa gwada abin a fili, ba da nufi ba. A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe ƙasashe, aka soke tarurrukan nan, da yawansu suka koma koyarwa ta intanet, ta hanyar Zoom. Malamai sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma murya ba ta isa nan take ta wannan hanya, ta kan yi ɗan jinkiri wanda bai kai ƙiftawar ido ba. A wajen hira ba a kula da shi, a wajen kiɗa kuwa ya isa ya watsa kome. Sai ya zama malami yana kaɗawa, almajirai ashirin kowa ya toshe muryar na'urarsa yana bi a ɗakinsa, ba mai jin wani. Da cutar ta lafa, mutanen nan da suka ɗanɗana koyo a gida, ba kuɗin mota ba na gado, suka sake ɗaure akwatunansu suka koma kwana a gadajen 'yan makaranta. Da waya ta wadatar, da ba su koma ba.

Saura maganar gado. Masu wannan magana su kan kawo sunayen manya. Su ce Earl Scruggs, wanda ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a ƙarshen 1945 ya juyar da kiɗan banjo da salonsa na yatsu uku, wane kwas ya je? Shi kansa Monroe, wanda ya mai da mandolin jagoran kiɗan da a ke kira bluegrass, wane malami ya biya? Ba ko ɗaya. Amma a duba inda suka tashi. Scruggs ɗan manoma ne a Carolina ta Arewa, ubansa da 'yan'uwansa duk suna kiɗa, tun yana ɗan shekara huɗu abin ke hannunsa. Monroe shi ne autan 'ya'ya takwas a wata gona ta jihar Kentucky, kuma mandolin ya faɗa hannunsa ne don yayyensa sun riga sun kama goge da gita. Kawunsa, Pendleton Vandiver, mai goge ne, yana tafiya da shi wuraren rawa yana raka shi da kiɗa har gari ya waye. Ya kuma zauna da wani baƙin mutum gwanin gita, Arnold Shultz, ya sha daga gare shi. Ashe mutanen nan sun yi makarantar kwana. Tasu ba ta kwana biyu ba ce, ta shekara goma sha ce, a gidan ubansu. Akawun da ke zaune a bene na bakwai cikin birnin London ba shi da kawu mai goge, maƙwabcinsa ma in ya ji ƙarar banjo bango zai buga masa. Gidan da ke cike da kiɗa ya watse tun da rediyo da talabijin suka shigo, samari suka bar ƙauye. Abin da taron Jumma'a zuwa Lahadi ya ke yi shi ne ya ara wa mutum irin wannan gida na ɗan lokaci. Aro ne, ba mallaka ba, amma wanda ya ce a ƙi aro don ba gado ba ne, ya faɗi abin da mara gado zai yi.

Batun furfura kuwa bai cancanci dogon bayani ba. Gemu ba ya hana ilmi. Mai shekara sittin ba zai zama Scruggs ba, shi ma ya sani, bai kuwa zo don haka ba. Ya zo ne don ya iya kiɗa biyar ko goma da kyau, ya zauna cikin mutane ba kunya. Wanda ya koyi rubuta wasiƙa yana da jikoki, ba wanda ya ce masa aikin banza ya yi don bai zama alƙali ba.

Dabarar tara manya su kwana wuri guda don neman sani ba sabuwa ba ce, ba kuwa makaɗa ne suka ƙago ta ba. Daga ƙasar Danmak ta fito. A 1844 aka buɗe makarantar farko ta irin wannan a garin Rødding, bisa shawarar wani malaminsu mai suna Grundtvig. Samarin manoma su kan zo da hunturu, sa'ad da ba aikin gona, su zauna da malamansu gida guda, su ci tare, su yi waƙa tare, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Wata Ba'amurkiya, Olive Dame Campbell, ta je ta gani da idonta, ta komo ta kafa irinta a 1925 a ƙauyen Brasstown cikin duwatsun Carolina ta Arewa, ita da abokiyar aikinta Marguerite Butler, ta sa mata sunan mijinta marigayi, John C. Campbell. Makarantar tana nan, ana koyar da saƙa da ƙira da sassaƙa da kiɗa, na mako guda da na ƙarshen mako, ba a cewa wane ya zo na ɗaya wane ya zo na ƙarshe. Mutanen nan sun gane wani abu game da babban mutum: ba rashin ƙwaƙwalwa ke hana shi koyo ba, kunya ce da hidima. In yana gida, da ya ɗauki abin sai a kira shi. In ya je aji na awa guda cikin gari, yana shiga yana duban agogo, kafin kunyarsa ta sake shi an tashi. Amma wanda ya ci abinci da malaminsa, ya ga malamin da safe da hamma da rigar barci, ran Asabar da yamma zai iya tambayar abin da ya shekara yana jin nauyin tambaya. Kwanan shi ne maganin, ba ƙari ba ne a kan karatun.

Duk wannan gardama ce ta amfanin mutum guda. Akwai abin da ya fi haka nauyi, watau ran kiɗan kansa, kuma tarihin banjo ya isa shaida. Banjo ba na Turawa ba ne tun asali. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka haɗa shi a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda, daga dabarun kabilu dabam dabam. Wani likita Bature, Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya sa hotonsa cikin littafin da ya buga a 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. A shekarar 2000 wani mutumin Gambiya, Daniel Laemouahuma Jatta, ya nuna wa masu binciken banjo a Amurka abin kiɗan kabilarsa ta Jola, mai suna akonting. Ga ƙwarya, ga fata, ga gajeriyar tsirkiya ta babban yatsa, ga bugun nan na bayan farce, daidai da na tsofaffin duwatsun Amurka. Masu bincike sun lissafta gurmin Hausa ma cikin dangin, gama shi ma ƙwarya ce da fata da sanda wadda ta ratsa ta ɓullo ta gindi. Wanda ya taɓa zama gaban mai gurmi, in ya ga hoton banjon farko ba zai ce baƙo ba ne.

To, yaya abin ya fita daga hannun masu shi? Wajen 1830 da 'yan kai wani farin mutum na jihar Birjiniya, Joel Sweeney, ya koya daga wurin bayi, ya hau dandali da shi. Daga 1843 ƙungiyoyin farare masu shafa baƙi a fuska, suna kwaikwayon baƙaƙe don a yi dariya, suka cika Amurka, suka ƙetare har Ingila, banjo kuwa shi ne tutarsu. Ta wannan ƙofa mara daɗi ya shiga Ingila. Masana'antu suka jefar da ƙwarya suka sa katako da ƙarfe. Jikokin bayin kuwa, ganin an mai da abin kakanninsu kayan yi musu ba'a, ga gita ta yi araha, ga ƙaura zuwa biranen arewa, sai suka riƙa sakinsa. Kamfanonin faifai na wajen 1920 da 'yan kai suka ƙarasa aikin, suka raba kiɗa biyu, suka sa banjo da goge a gefen fararen ƙauye. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare, yawancin Amurkawa, baƙi da fari, sun ɗauka banjo abin farare ne tun fil azal. Baƙaƙen da suka gaji tsohon kiɗan daga iyayensu ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Joe Thompson, mai goge, na garin Mebane a Carolina ta Arewa, wanda aka haifa a 1918. Ɗan'uwansa Odell, wanda ya ke raka shi da banjo, ya rasu a 1994. Ga gado nan, wanda masu suka su ke yabo, ya zo bakin kabari ba magaji. Sai a watan Afrilu na 2005 aka kira taron 'yan kwanaki a jami'ar da ke garin Boone, don baƙaƙen masu banjo da masu bincike. Tsohon ya je, yana da shekara 86. A wurin nan ne waɗansu matasa baƙaƙe suka haɗu, waɗanda kowannensu dā ya ke zaton kusan shi kaɗai ne mai son irin wannan kiɗa. Uku daga cikin matasan da suka taso ta dalilin taron, Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson, suka riƙa zuwa gidan tsohon ran Alhamis da dare, su zauna, ya ja goge su bi. Suka kafa ƙungiya mai suna Carolina Chocolate Drops, wadda ta ci lambar Grammy a 2011.

Kada a ɗora wa taron abin da bai yi ba. 'Yan kwanakin Boone ba su koya wa kowa kiɗan Joe Thompson ba, dararen Alhamis ne suka koyar. Amma ba don taron ba, da matasan ba su san juna ba. Aikin taro ke nan: ya haɗa mai nema da mai abu, sa'an nan ya bar su su ci gaba. Waya ba ta yi wannan ba, gado kuma ya riga ya kasa.

Yanzu fa an zo kan maganar gaskiya wadda masu suka ba su cika faɗa ba, wataƙila don su ba ta dame su ba. Kuɗi. Kwana biyu a irin wuraren nan, da gado da abinci da ladan malamai, a Amurka ɗaruruwan daloli ne, a Ingila ɗaruruwan fam, ban da kuɗin tafiya, ban da kuɗin shi kansa banjon. Mai aikin da ba ya hutun Asabar ba zai je ba. Matar da ba ta da mai riƙe mata yara ba za ta je ba. Saurayin da ya ke da kunne da hannu da lokaci, shi ne ba shi da kuɗi. Saboda haka duk wanda ya dubi hotunan tarurrukan nan zai ga yawancin kawunan farare ne, fatun ma farare. Ba laifi ba ne mai furfura ya more abin da ya tara. Amma abin kunya ne a zauna ana koyar da kiɗan da bayi da matalautan manoma suka ƙago, a bisa farashin da jikokin bayin da jikokin manoman ba za su iya biya ba, sa'an nan a riƙa cewa ana raya gargajiya. Da yawa daga cikin masu shirya tarurrukan sun san haka, su kan ware 'yan gurabe kyauta ga matasa, ko su bar mutum ya wanke kwanoni a madadin kuɗi. Madalla da wannan, amma gurbi biyu ko uku cikin ɗari sadaka ce, ba gyara ba ce. Wanda ya iya biyan fam ɗari uku don ya kwana biyu yana kiɗa, zai iya ƙara talatin don wani ya kwana a gadon da ke kusa da nasa. Masu shiryawa su sa wannan cikin farashi tun farko, su daina jiran mai jin ƙai. Kuma kada su zauna suna jiran matasa su aiko da takardar roƙo, gama wanda bai taɓa jin labarin wuri ba ba ya neman shiga. Su tafi makarantun unguwannin talakawa da kansu, da banjon aro a hannu.

A tuna kuma da cewa ba kowane tsoho mai abu ne za a iya jira ba. Joe Thompson ya rasu a watan Fabrairu na 2012, yana da shekara 93. Earl Scruggs, ɗan jiharsu, ya bi shi a watan Maris na shekarar nan. Scruggs ya bar littafin koyarwa wanda aka buga tun 1968, da faifai masu yawa, da dubban masu kwaikwayon yatsunsa a ƙasashe dabam dabam, har yau tarurrukan banjo da yawa suna buɗe ajin salonsa. Thompson kuwa, matasan nan uku sun same shi ne saura shekara bakwai ya rasu, bayan ciwon shanyewar jiki ya riga ya taɓa masa hannun hagu.